Yaƙi daga bakin kurtu

Littafin janar yana faɗa maka inda runduna ta nufa da ranar da gari ya faɗi. Ba ya faɗa maka yadda takalmi ke ruɓewa a ƙafa, ko yadda ake kwana da yunwa a rami. Wannan sai kurtu, wanda aka tura shi ba a nemi shawararsa ba.

Mai son irin wannan karatu ya fara da Isaac Fadoyebo, ɗan ƙasar Yarbawa da ya shiga sojan Ingila a 1942 yana ɗan shekara 16, aka kai shi ƙasar Bama tare da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a matsayin ma'aikacin jinya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi cikin gawarwaki. Wani manomi Musulmi ne ya ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali da asiri ya tonu da shi ma ya rasa ransa. Ɗan littafin Fadoyebo, A Stroke of Unbelievable Luck, ya fito a 1999. Ba kuri a cikinsa, ba cika baki, kuma nan ƙarfinsa yake. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har Bama, ya gano iyalin manomin, ya rubuta Another Man's War a 2014. A karanta su tare.

Abin takaici, dubban 'yan Arewa sun yi wannan yaƙi na Bama, har Hausa ce harshen bariki, amma galibinsu ba su bar rubutu ba. Labaransu sun tsaya a hirar dandali. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, ya yi ƙoƙarin cike giɓin da Burma Boy a 2007, labarin wani yaro, Ali Banana, da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Ƙirƙira ce, amma barkwancin bariki da ke cikinta na gaske ne.

Daga waje, babu kamar With the Old Breed na Eugene Sledge, sojan Amurka da ya yi yaƙin Peleliu da Okinawa. Yana rubuta abin da ya gani a 'yan takardu yana cusawa cikin ƙaramin Linjilarsa, littafin bai fito ba sai 1981. Bai rufa wa kowa asiri ba, har 'yan uwansa sojoji da ke cire haƙoran zinariya daga bakin matattu. Mai raunin zuciya kada ya karanta shi da dare.