Mangwaro Mai Aure da Majami'un Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu rainon itatuwa a gefen ruwan Tiga ya san yadda ake yi wa mangwaro aure. Ƙwallon mangwaron gida ake fara binnewa, mai zare-zaren nan da yara ke tsotsa. In ya yi kaurin ɗan yatsa sai a datse kansa, a tsaga shi da reza, a feƙe reshen wani iri na waje a cusa a tsagar, a naɗe da leda tamau. Reshen baƙo ne, saiwar kuwa 'yar ƙasa ce, ita ta san fari, ita ta san gara. In aka soka reshen nan shi kaɗai a ƙasa, kwana kaɗan ya bushe.

Da wannan idon nake kallon tarihin Kiristanci a ƙauyukan Maguzawa na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Da farko reshen aka soka a ƙasa. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba su daɗe ba. Bayan 1903 Turawan mulki da kansu suka tare wa 'yan mishan hanyar shiga masarautu. Miller ya zauna Zariya daga 1905 yana fama da fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM ta ƙofar magani ta shigo, da zangon kutare na Yadakunya a shekarun 1930, da asibitin ido na Kano a 1943.

Amma ba Bature ne ya cika majami'un karkara ba. Masu bishara ne 'yan ƙasa, irin waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, suka tare a ƙauye da iyalansu, aka yanka musu gona, suka fita gayya, suka zauna zaman makoki, da dare kuma suka koya wa yara karatu a hasken aci-balbal. A nan tsagar ta kama. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, Katolika da Angalikan suka biyo da nasu aikin, daga shekarun 1970 kuma abin ya yi yawa. A daidai wannan zamani Maguzawa da dama suka musulunta, shi ya sa za ka tarar da wa da ƙane ciki ɗaya, wannan ya nufi masallaci ran Juma'a, wancan majami'a ran Lahadi, sallah da Kirsimeti kuma kwanon tuwo na ƙetare katanga.

Leƙa sujada a lokacin godiyar kaka. Dammunan dawa da buhunan masara jibge a gaban bagadi, wani ya jawo akuya, wata ta rungumo zakara. Zumuntar Mata sun ɗaura zane iri ɗaya, ana buga tulu da kacau-kacau, ana guɗa. Wa'azi da Hausa, addu'a da Hausa, sunaye kuwa Tanko da Ladi da Talatu a jere da Bitrus da Istifanus.

Can ƙasar Finlan, a arewacin Turai mai ƙanƙara, kusan haka aka yi. Labarinsu na baka ya ce wani Bishop Henri ya zo tare da sarkin Suwidin wajen 1155, wani manomi mai suna Lalli ya kashe shi a kan tafkin da ya daskare. Aka kwashe shekara kusan ɗari huɗu ana sujada da Latin, talaka na jin sauti ba ya jin magana. Sai ɗan ƙasa, Mikael Agricola, wanda ya yi karatu a garin Martin Luther, ya buga littafin koyon baƙaƙe da harshensu a 1543, da Sabon Alkawari a 1548. Dokar ikilisiya ta 1686 ta sa karatu ya zama sharaɗin cin jibi da ɗaurin aure, saurayi mai son amarya dole ya koyi haɗa baƙi. Har yau fiye da rabin mutanen ƙasar suna cikin ikilisiyar Lutheran.

Mai lambu ya san wani abu kuma: saiwa kan yi toho a ƙasan wurin ɗauri. A 1551 Agricola ya jera sunayen gumakan da mutanensa ba su daina girmamawa ba, har da Ukko mai tsawa. A ƙasar Maguzawa ma fastoci sun daɗe suna fama da tukunyar burkutu, da yanka wa iskokin gida, da zuwa wurin boka a ɓoye in yaro ya kwanta. Wani tohon an datse shi. Wani kuwa, kamar kunya da girmama surukai da riƙon amana da aka san Bamaguje da su, shi ne ƙarfin bishiyar.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi wa waɗannan mutane kallon baƙi. Ɗan birni ya ji sunan Bulus ya ce daga ina ka zo, Kiristan kudu ya ji Hausa a bakinsa ya ɗauka ba nasa ba ne. Alhali kaburburan kakanninsa suna nan tsakanin Kwanar Ɗangora da dajin Falgore tun kafin jihadi. Hausawa ne, Kanawa ne, ba su da wani gida sai nan.

Finlan ta adana tarihin ikilisiyarta a littattafan haihuwa da aure na ɗaruruwan shekaru. Namu yawancinsa yana bakin tsofaffi. Ina roƙon ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da matasan Tarayyar Masihiyawa su ɗauki waya da littafi su shiga ƙauyukan nan, su ɗauki muryar dattawan da suka ga ginin majami'ar farko ta zana da jinka, tun suna da rai.