Mai ƙurajen fuska ba sabulu mai kaifi take bukata ba

A kasuwar Ɗan Isa ko ta Birnin Ƙonni, idan budurwa ta zo da fuska mai maiƙo da ƙuraje, sau da yawa mai tebur sabulu mafi kaifi yake miƙa mata, wai ya ƙone maiƙon. To, nan ɓarnar take. Sabulun wanki mai soda yana busar da fata, ta yi ja, ta tsattsage, ƙurajen kuma su ƙara tunzura.

Ƴan kasuwa, ku riƙa duba kwali tun wurin sari. Ku nemi abin wanke fuska maras turare mai ƙarfi, wanda aka rubuta masa "non comédogène", wato ba ya toshe ƙofofin fata. Mai sinadarin "acide salicylique", kashi 2 cikin 100 ko ƙasa da haka, yana taimakawa. Wanki safe da dare ya isa, da hannu, ban da soso, kuma sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi.

Man bilicin mai "clobétasol" kuwa, shi kansa yana fito da ƙuraje, ya kuma sirantar da fata. Wadda ƙurajenta suka yi ruwa suna barin tabo, a tura ta asibiti.