Gyara Kayanka: Yini Guda a Bakin Sito a Dawanau

Wanda ya bar cikin Kano ya kama titin Katsina, tun kafin ya hangi kasuwar Dawanau hancinsa zai gaya masa an iso. Ƙurar hatsi ce ke fara tarbarsa, sai yajin citta da barkono mai sa baƙo atishawa, sannan ga tireloli jere a gefen titi, wasu sun sauke, wasu na jiran lodin Legas ko Fatakwal. Tun 1985 da aka kafa ta a ƙasar Dawakin Tofa kasuwar ke ta faɗaɗa, har aka wayi gari ana kiranta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Wake na shigowa daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, yana kuma ƙetarowa daga Maraɗi da Damagaram. Zoɓon da matan karkara suka ɓare da hannu yakan ƙare a kofin wani a Meziko, riɗi kuma ya nufi Japan ko Sin ko Turkiyya.

Manyan sitocin masu fitar da kaya waje su ne ke ɗaukar ido. Ni kuwa na fi zama wurin masu sito ɗaya da yara biyu, domin a cikinsu kawuna yake, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara ashirin yana sarin wake. A wurinsa na gane cewa ribar hatsi siririya ce ƙwarai. Farashi ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. Damina ce ke yanke shi, da kuɗin dizal, da canjin dala, da halin da iyaka take ciki. ’Yan Dawanau ba su manta da rufe iyakokin da aka yi a watan Agustan 2019 ba, balle na bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Abin da ya rage a hannun mai sito shi ne abin da ke zubewa, da abin da ƙwari ke ci, da wanda danshi ke ɓatawa, da wanda bashi ke tafiya da shi. A nan ne wani ke ɗorewa, wani ya karye.

Da hantsi mota ta iso da wake. Kafin ɗan dako na farko ya sa kafaɗa, Kawu ya sa an shimfiɗa tamfol daga gindin motar har ƙofar sito. Yaro ɗaya na tsaye da basilla da zare, duk buhun da ya ga bakinsa ya saki ko gefensa ya yage, sai ya ɗinke shi a saman motar kafin a ɗaga. Na ce, “Kawu, wannan ai ɓata lokaci ne, ga direba yana ta ƙorafi.” Ya ce, “Ɗan nan, yi lissafi mana. Buhu tiya arba’in ne. Tirela buhu ɗari uku take ɗauka. In kowane buhu ya zubar da rabin tiya, nawa ke nan?” Na lissafa: tiya 150, saura kaɗan buhu huɗu. Ya ce shekaru ya yi yana zubar da wannan a ƙasa yana ɗora wa kasuwa laifi. Yanzu abin da ya zuba a tamfol sai a tattara, a sheƙe, a mayar buhu. Tsofaffin mata masu kala da suka saba zuwa tsince kuwa bai kore su ba, awo yake yi musu da tiya ya ba su a hannu, waken da babu ƙasa a cikinsa. Ya ce gara ya san abin da ya bayar don Allah da ya bar sakaci ya raba masa dukiya.

Babban abokin gābar mai wake ƙwaro ne. A gona yake hawa waken, ya biyo shi cikin buhu, in aka yi wata biyu zuwa uku ba a ɗauki mataki ba sai a buɗe a tarar da huda ko’ina da gari a ƙasan buhu. Shekara da shekaru maganin da mutane da yawa suka sani shi ne fiya-fiya: a yayyafa, a juya, a ɗinke. Ƙwaro ya mutu, guba ta zauna a cikin abincin da yaranmu za su ci a alala da ƙosai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki, ta kuma tsawaita haramcin a 2016. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, ya fi ciwo da na tuna cewa waken da Turawa suka ƙi, mu ne muka ci gaba da dafa shi.

Kawu ya koma buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami’ar Purdue ta Amurka suka inganta bayan gwaje-gwaje a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Na zauna na ga yadda yake ɗaure shi. Da farko ya hura ledar ya matse bakinta ya kasa kunne ko iska na fita, domin huda ɗaya kamar ta allura ta isa ta ɓata aikin. Ya ɗauki ƙwayar wake ya gatsa. Da ya ji ta fashe ƙaras, ya ce ya bushe. Aka zuba, ya danna har iskar ta fita, ya murɗe bakin leda ta farko ya lanƙwasa ya ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da nasa ɗaurin. Ƙwaron da ke ciki zai shaƙe ’yar iskar da ta rage ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Buhun ya fi na gargajiya tsada, shi ya sa wasu har yau suke ja da baya. Amma in ɓera bai taɓa shi ba yakan yi kaka biyu ko uku, don haka Kawu ya jera katako a ƙasa, ya bar rata tsakanin buhuna da bango yadda rima ba za ta taso musu ba, kyanwa kuma ta samu hanyar sintiri. A jikin kowane buhu an rubuta ranar shigowarsa da garin da ya fito. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

Sai maganar awo, wadda ta fi komai haddasa rigima a kasuwar hatsi. Tiya ba ɗaya ba ce. Akwai mai tudun gindi, akwai wadda aka bubbuga ta faɗaɗa, kuma marar tsoron Allah yakan saya da babba ya sayar da ƙarama. Masu fitar da riɗi da zoɓo sun daɗe da komawa sikeli, kuma in suka ga tsakuwa ko ƙaiƙayi sai su zaftare kuɗi. Wannan ne ya cika kasuwar da injinan tace hatsi da mata masu tsince zoɓo daga safe har la’asar. Ƙananan ’yan kasuwa ma sun ɗauki darasi. Wanda ya tsabtace kayansa ya cika awo, mai saye daga Ibadan ko Onica ba ya buƙatar hawa mota ya zo. Hoton kaya zai gani a WhatsApp, ya turo kuɗi, a yi masa lodi. Mai algus kuwa, wanda ke sa kyakkyawa a baki ya cusa tsohon wake a tsakiya, sau ɗaya yake cin wannan kasuwar.

Gyaran da ya fi yi wa Kawu wuya shi ne littafi. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana ganin rubuta bashi kamar zargin abokin ciniki ne. Kuɗin jari da na cefane da na gudummawar biki duk aljihu ɗaya suke kwana. Da ɗansa ya gama sakandare ya kawo littafi mai layi ya ce, “Baba, mu riƙa rubutawa,” sai da aka kai ruwa rana. Aka yi wata shida ana rubuta komai: kuɗin dako, la’adar dillali, kuɗin mota, zare, har shayin yara. A nan ya gano cewa wani kwastoma da yake alfahari da shi saboda yawan saye shi ne ya fi kowa riƙe masa kuɗi, jari ya yi makonni a hannun wani alhali kaka tana wucewa. Bai yanke hulɗa da shi ba, ya dai sa masa wa’adi. Da ƙarancin takardun naira ya zo a farkon 2023 bayan sauya fasalin kuɗi, ya buɗe asusun da babu abin da ke shigarsa sai kuɗin wake, ya kuma kafa doka: ba a ɗaga buhu saboda an nuna saƙon turawa a waya, sai ɗansa ya duba asusu ya ga kuɗi sun zauna.

Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kasuwa ba kowa ke son jin haka ba. Na ga masu sito da aka ba shawarar katako da tamfol suka ce haka suka gada. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: in damina ta zauna, wasu layukan sukan zama taɓo, mota ta kafe, ɗan dako ya ninka tafiya da buhu a ka.

Bayan la’asar ciniki ya lafa. Kawu ya zaga sito yana shafa buhuna ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani na kusurwa, ya durƙusa ya ga ɗan garin leda a kan katako. Ya kira yaron ya ce a jawo shi gaba, gobe shi za a fara sayarwa, a kuma nemo siminti a toshe ramin da ke bayan ƙofa kafin motar Maigatari ta iso.