Ya gama doktora amma bai dawo gida ba: mene ne aikin "posdok"?

Tambaya ce da iyaye ke yawan aiko mana: yaro ya yi bak, ya yi lisans shekara 3, mastar 2, doktora 3 ko fiye, an ce ya zama dokta, sai kuma a ji wai ya wuce wata ƙasa yin "posdok". To karatun nan ba ya ƙarewa ne?

Karatu ya ƙare. Posdok aiki ne, da albashi, sai dai na kwantaragi ne, yawanci shekara 1 zuwa 3. Sabon dokta yana shiga ɗakin bincike na wani babban malami, a ba shi matsala guda ya sa gaba: me ya sa sauro ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauro, ko yaya ƙwayar sanƙarau ke canza kama. Abin da ya gano ya rubuta, a buga a mujallun masana. Da waɗannan rubuce-rubuce ne zai nemi kujerar koyarwa a Jami'ar Abdou Moumouni ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da su ne kuma CAMES ke ƙara wa malami girma.

Af, mu tuna: yawancinsu ba likitocin asibiti ba ne. Kar a kira shi a waya a ce ya rubuta wa tsohuwa magani.

Ba sai Turai ake samun aikin ba. Akwai Cibiyar Pasteur ta Dakar, da cibiyar MRC a Gambiya, da WACCBIP a Jami'ar Gana. A Jamus, gidauniyar Humboldt na da tallafin Georg Forster domin ƴan ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara 4 da gama doktora ba. Turanci fa ya zama dole, ko ga wanda ya yi duk karatunsa da Faransanci.

Amfaninsa gare mu? A Madarunfa aka gwada rigakafin zawon yara na Rotasiil, wanda ke jure zafi, ƙarƙashin cibiyar Epicentre, sakamakon ya fito a 2017. A Yamai, CERMES ce ke bin sawun sanƙarau. Irin wannan aiki masu irin wannan horo yake buƙata, kuma mu a ganinmu ba mu da su da yawa.

Ga dangi kuma, a sassauta. Albashin in an juya shi sefa ya yi kama da dukiya, amma haya da haraji na can ake biya da shi, kuma sau da yawa takardar zama a ƙasar tana ɗaure da kwantaragin: ya ƙare, ita ma ta ƙare. Shi ya sa za ku ji tun shekara ba ta cika ba ya fara neman wani wurin.

Cibiyoyin kirki ba sa karɓar kuɗi kafin su ɗauki mai bincike. Duk wanda ya turo sanarwa ta WhatsApp ya ce a fara aika kuɗin dosiye, a buɗe shafin cibiyar da kanta a duba tukuna.