Manchester United: Koci ya tafi, ƴan wasan da ya sayo sun zama kaya

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar musayar ƴan ƙwallo a Turai, kiran magoya baya ɗaya ne: a ba koci kuɗi ya sayo waɗanda yake so. Manchester United ta amsa wannan kira a zamanin Erik ten Hag, kuma abin da ya biyo baya ya nuna tsadar irin wannan goyon baya.

Daga 2022 zuwa 2024, ƙungiyar ta kashe sama da fam miliyan 600 wajen sayen ƴan wasa. Da yawansu tsofaffin yaran kocin ne. Lisandro Martinez da Antony da Andre Onana da Matthijs de Ligt da Noussair Mazraoui duk sun taka leda a ƙarƙashinsa a Ajax. Antony kaɗai ya ci sama da fam miliyan 80.

Ten Hag bai tashi a tutar babu ba. Ya ɗauki kofin Carabao a 2023, sannan ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024. Wannan nasara ta sa aka tsawaita kwantiraginsa, aka kuma sayo masa ƙarin ƴan wasa biyar. Amma a ranar 28 ga Oktoban 2024 aka kore shi, United tana ta 14 a teburin Firimiya.

Daga nan lissafi ya rikice. Ruben Amorim, wanda ya gaje shi, ya zo da salon masu tsaron baya uku, alhali an tara ƴan wasan ne domin wani salo dabam. United ta ƙare kakar a matsayi na 15, ta kuma sha kashi a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na Europa.

Ana iya sallamar koci a rana ɗaya, amma ɗan wasan da ya sa hannu kan kwantiragin shekara biyar yana nan, kuma dole a biya shi albashi. Kuɗin sayensa ma ana raba shi ne a littafin ƙungiya bisa tsawon kwantiragin, don haka sayar da shi da araha asara ce a rubuce. A ƙarshe an sayar wa Real Betis Antony a 2025 kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka saye shi, Onana ya tafi aro Trabzonspor, Rasmus Hojlund kuma ya tafi Napoli.

Ƙananan ma'aikata ma sun ji a jikinsu. Bayan Sir Jim Ratcliffe ya sayi hannun jari a 2024, an rage ma'aikata kusan 250 domin tsuke bakin aljihu. Shi da kansa ya koka cewa ƙungiyar na ci gaba da biyan kuɗin ƴan wasan da ya tarar.

A kakar da United ta ƙare ta 15, Liverpool ce ta lashe Firimiya. Sabon kocinta Arne Slot ya gaji ƴan wasan Jurgen Klopp, Federico Chiesa kaɗai aka ƙara masa a farkon kakar. A can, daraktan wasanni da masu nazarin alƙaluma suna da babbar murya wajen zaɓen ɗan wasa, ba koci shi kaɗai ba.

Duk da haka United ta sake buɗe lalita a 2025, inda ta kashe kimanin fam miliyan 200 kan ƴan wasan gaba uku: Matheus Cunha da Bryan Mbeumo da Benjamin Sesko. Biyu daga cikinsu sun riga sun nuna bajinta a Firimiya, a Wolves da Brentford. Ma'aunin wannan cefane shi ne ko za su yi wa duk kocin da ya riƙe ƙungiyar amfani, ba wanda ya nemi a sayo su kaɗai ba.