Yadda Za Ka Nemi Bayanin Jinyarka Daga Asibiti

Kusan kowane gida a cikin birnin Zariya yana da ɗan katin asibiti da aka adana a akwati ko ƙarƙashin katifa. Amma wannan kati sunan mutum da lamba kawai yake ɗauke da su. Ainihin labarin ciwon mutum yana cikin fayil da ke ofishin kati: abin da likita ya gani, sakamakon gwajin jini da na fitsari, da magungunan da aka rubuta masa.

Mutane da yawa suna tsammani ba su da ikon ganin abin da ke ciki. Ba haka ba ne. Fayil ɗin dai na asibiti ne, ba za a ba ka shi ka tafi gida ba, amma kana da ikon karɓar kofe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci su ajiye bayanin kowane majinyaci, su kuma rufa masa asiri. Takardar haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ambaci ikon mutum na samun bayanin jinyarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ƙara ƙarfafa wannan.

Me ya sa za a damu? A ce an duba wata uwa mai hawan jini a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a Wusasa, sannan aka ga ya kamata ta je Asibitin Koyarwa na Shika. In ta isa hannu rabbana, sabon likita bai san maganin da take sha ba, balle wanda jikinta ya ƙi. Sai a sake gwaje-gwaje, a sake kashe kuɗi, ciwo kuwa ba ya jira. Mai sikila da mai ciwon sukari su ma haka ne.

Ga yadda ake yi. Da fari, rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin. Sa cikakken sunanka kamar yadda yake a kati, da lambar katin, da lokacin da aka duba ka ko aka kwantar da kai. Faɗi abin da kake so filla-filla: takardar likita ce mai taƙaita jinyar, ko kofen sakamakon gwaji. Kai wasiƙar tare da katin shaidarka, ka riƙe kofe ɗaya wanda aka buga wa hatimin karɓa. In an ce ka biya kuɗi, biya a wurin biya ka karɓi rasit. Tambayi ranar da za ka dawo.

Iyaye suna nema wa yaransu ƙanana. Amma babba, ko mijinki ne ko mahaifinka, sai da izininsa a rubuce. Kada ka ji haushi in ma'aikaci ya hana ka bayanin wani, domin haka zai hana wani naka.

Ku ɗalibai, yawancinku ku ne masu rubuta wasiƙa a gidajenku. In an tafi hutu, ku nemo katunan iyayenku da kakanninku, ku rubuta lambobin a littafi guda, ku haɗa takardun gwaji a ambulan ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ciwo kuma ba ta neman takarda ba ce.