Yaron da "Ba Ya Ji" da Yaron da Karatu Ba Ya Shiga Kansa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da wuya ku shiga unguwa a Wurno, Rabah ko Goronyo ba ku tarar da yaron da aka riga aka yanke wa hukunci ba. Wannan an ce ba ya ji, wancan daƙiƙi ne, waccan kuma iska ce ta shafe ta. An yi duka har an gaji, an yi hayaƙi, an sha rubutu. A cikin irin waɗannan yara akwai masu lalura da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma, kuma likitoci suna da hanyar gane ta da taimaka musu.

Wace irin lalura ce wannan?

Ba guda ɗaya ba ce. Uku ne suka fi yawa.

Ta farko ita ce ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD. Za ku aiki yaro sayen gishiri, ya dawo hannu wofi domin ya manta tun a zaure. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya jiran layi, yana aikata abu kafin ya yi tunani. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da ita.

Ta biyu ita ce otizim, wadda wasu ke sakawa cikin abin da ake kira galahanga. Yaron yakan yi jinkirin magana, ba ya son haɗa ido, a kira sunansa ba ya waiwayowa alhali kunnensa lafiya. Yakan maimaita abu ɗaya, kamar jera duwatsu ko kaɗa hannu, kuma ƙara ko sauyin abin da ya saba na tayar masa da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita.

Ta uku ita ce wahalar koyon karatu, wato disleksiya. Yaro ne mai wayo, ya haddace sura da ka tun da ya ji malam yana biyawa, amma a ce ya ɗora yatsa a kan allo ya nuna baƙin da yake karantawa, sai ya daburce. Basirarsa lafiya lau, haɗa harafi da sauti ne yake ba shi wuya.

Akwai kuma jinkirin fahimta gaba ɗaya, inda yaro ke bayan sa'o'insa a magana, koyo da kula da kansa.

Me ke kawo ta?

Gado yana da babban kaso, musamman a ADHD da otizim. Sauran dalilai kuwa sanannu ne a ƙasarmu: doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a makon farko, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin da ake sakawa a gishiri. Gubar dalma ma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta kashe yara sama da 400, wasu da suka rayu kuma ta bar su da rauni.

Allurar rigakafi ba ta kawo otizim. Rahoton da ya haifar da wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Hasali ma rigakafin sanƙarau da ƙyanda kariya ce ga ƙwaƙwalwa. Haka nan lalurar ba laifin uwa ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Ta yaya za ku bambanta ta da ƙiriniya?

Kowane yaro yana ƙiriniya. Likita yana zargin ADHD ne idan halin ya wuce wata 6, ya fara kafin shekara 12, ana ganinsa a gida da makaranta duka, kuma yana hana yaron ci gaba.

Ga ƙananan yara, ku nemi a duba idan ya kai shekara 1 ba ya gwaranci kuma ba ya nuna abu da yatsa, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu. Idan kuma ya fara magana ta ɗauke, kada ku jira. "Zai yi idan ya girma" ta cinye wa yara da yawa shekarun da taimako ya fi amfani.

Ina za ku kai shi?

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, daga nan zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, ku nemi takardar tura mara lafiya. A Sakkwato akwai sashen yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuma Asibitin Ƙwararru. A Kware akwai asibitin gwamnatin tarayya na ƙwaƙwalwa. Wasu suna jin nauyin zuwa Kware don kada a ce ɗansu ya taɓu. Waɗannan lalurori ba hauka ba ne, likitocin ƙwaƙwalwa ne dai suka fi saninsu.

Neman magani ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya rubuta littattafai a kan ilimin magani. Ku ci gaba da addu'a, ku kuma je asibiti.

Me likita zai yi?

Babu gwajin jini da ke nuna ADHD ko otizim. Tambaya ce da lura. Za a tambayi yadda aka yi goyon ciki da haihuwa, lokacin da ya zauna, ya yi tafiya, ya yi magana, da cututtukan da ya yi. Saboda haka a tafi da mahaifiya ko wadda ta raine shi, da katin rigakafi, da bayanin malaminsa.

Za a duba ji da gani, domin yaron da kunnensa ke zubar da ruwa kan zama kamar mai taurin kai alhali bai ji ba ne. Za a duba farfaɗiya, don akwai wata iri da ba a faɗuwa: yarinya tana cikin magana sai ta tsaya cak, ta ƙura ido na ɗan lokaci, ta ci gaba ba ta san abin da ya faru ba. Idan yaro ya ga harin 'yan bindiga ko an yi gudun hijira da shi, ku faɗa wa likita. Firgici kan sa yaro ya daina magana, ko fitsarin kwance, ko yawan faɗa, kuma kulawarsa daban ce.

Akwai magani?

Babu ƙwayar da ke warkar da otizim ko disleksiya. Wanda ya ce zai kawar da su da kwalba ɗaya, kuɗinku yake so. Abin da ke aiki shi ne horo: koyar da magana, koyar da cin abinci da wanka da kansa, da koyar da karatu harafi-harafi cikin haƙuri. Ga ADHD, ana fara koya wa iyaye dabarun tarbiyya, sannan daga shekara 6 likita na iya ƙarawa da magani. Farfaɗiya kuwa tana jin magani: kusan mutum 7 cikin 10 suna daina faɗuwa idan sun sha yadda aka umarta. Kada ku sayo wa yaro maganin barci a kemis don ya natsu, kuma kada ku tsayar da maganin farfaɗiya ba da sanin likita ba.

Nawa za a kashe?

Kuɗin mota zuwa Sakkwato, na kati, na gwaji, da na magani duk wata idan an rubuta. Zirga-zirgar ce ta fi cin kuɗi, don haka ku roƙi likita ya rubuta muku abin da za a ci gaba da yi a asibitin garinku. Ku tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin, da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato SOCHEMA. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a 2019, ta haramta nuna musu wariya, har a makaranta.

Me za ku yi a gida da makaranta?

Ku ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuna kallon fuskarsa. Ku yaba masa nan take idan ya yi daidai. Lokacin ci da na barci su zama tsayayyu. Malam ya zaunar da shi a gaba, ya rage masa tsawon karatu, ya hana yara yi masa dariya. Bulala da mari da kullewa a ɗaki ba sa gyara komai, tsoro kawai suke ƙarawa.

Idan kun karanta wannan wani yaro ya faɗo muku a rai, naku ne ko na maƙwabci, ku ajiye bulala ku kai shi a duba shi tun yana ƙarami. 'Ya'ya amana ce, kuma wannan yaron ya fi kowa buƙatar a riƙe amanarsa.